Labaran Rewaya da Motar Janbako

Kafin direban farko ya buɗe ƙofar motarsa a tashar Talata Mafara, Labaran ya riga ya iso. Daga masallaci yake wucewa, akwatin ƙarfe a hannu, hula a ƙeya. Ba ya zama. Zai ajiye akwatin a gindin dogon yaron da ke bayan layin motocin ƙauye, ya shimfiɗa buhu, ya jera sukudireba da fulaya da ƙwan fitilar gwaji, sannan ya shiga zagaye. Yana tafe yana saurare. Wannan ta tashi da bugu ɗaya, ya wuce. Waccan ta yi gurnani kafin ta kama, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa bonet.

"Buɗe."

"Baba, lahiyarta lau."

"Ban tambaye ka ba. Buɗe."

Aikinsa wutar mota. Rewaya ake ce wa masu wannan sana'a, kuma sunan ya bi shi har ya danne na mahaifinsa. Ya fara tun yana saurayi, lokacin da manyan motoci ke kwasar ƙasa a aikin dam ɗin Bakolori. Har yau bai da shago. Bai da allo mai ɗauke da sunansa. Ba shi da daɗin sha'ani kuma, kada wani ya ce na ɓoye. Gaisuwarsa gajera ce, a garin da ake gaisuwa har a tambayi awaki. Amma daga Mafara zuwa Bakura, daga Bakura zuwa Maradun, in mota ta ƙi wuta, lambarsa ake nema, ya hau bayan mashin ya tafi.

Yanzu ido ya fara yi masa hazo, hannu ya fara rawa. Ya ce in an gama girbi zai ajiye kaya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba yabon mutum ba.

A duk kayan mota, altaneta ne ya fi tsaya masa a rai. Ga wanda bai sani ba: wani dunƙulen ƙarfe ne a gefen inji, fambel, igiyar robar nan, na juya shi, shi kuma yana mayar wa batir wutar da mota ta sha. In ya daina aiki, mota ba ta tsayawa nan take. Za ta ci gaba da tafiya a kan abin da ya rage a batir, fitila na disashewa, hon na shaƙewa, har ta kai inda za ta mutu. Ba ita ke zaɓar wurin ba.

Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka koma. A da, mota ta mutu a daji, sai a sauka a shimfiɗa tabarma a jira gari ya waye. Yanzu ba a yin haka. Wannan ne ya hana Labaran zama.

Ku tambayi Mamuda mai kwasar albasa daga fadamar Bakolori. Ya yi ta sauya batir yana zagin masu sayarwa. Labaran ya danna fambel da babban yatsa, abin ya lotsa kamar igiyar shanya. Ya ɗaure, ya ce masa ya je ya nemi gafarar mutanen da ya zaga. Ku tambayi direbobin Maradun, masu cire kan batir inji na aiki wai su ga ko altaneta na ba da wuta. Akwai wanda har yau yake tuna zafin ƙotar sukudireba a bayan hannunsa. Ya ji haushi a ranar. Bai sake ƙona kayan motarsa ba.

Amma abin da na zo faɗa ya faru ne a daminar nan, ranar wata Talata. Ina wurin.

Kasuwa ta fara watsewa. An yi azahar, an ci abinci, motocin Maradun na cika. Sukan tashi tare a jere, kowa na ganin bayan ɗan'uwansa, kuma ba sa yarda la'asar ta yi sanyi suna tasha. Motar Janbako kan bi su har mararraba, daga nan ta ɗauke ita kaɗai ta shiga hanyar ƙasa. Ranar, motar Janbako ta ƙarshe ita ce tsohuwar bas ɗin Ɗan Asabe. Ta cika maƙil, buhuna a sama, akuya a ƙarƙashin kujera. Ya murɗa makulli, ta ce ƙas, ta yi shiru.

Ya taho da gudu.

"Baba Labaran, batir na. Ka ara mini naka in kai mutane, gobe in maido."

"Wanda ag gare ka ba sabo na ba?"

"Sabo na."

"To mi yash shanye shi?"

"Wallahi kayan yanzu, Baba..."

Labaran bai jira sauran ba. Ya je ya leƙa ta tagar direba, ya ce a murɗa makulli rabi, kada a tayar. Fitilar mai ta kama. Gefenta duhu. Ya goge ido, ya ƙara matsawa, don shi kansa ya daina yarda da idonsa. Duhu dai.

"Ina jar fitila mai hoton batir?"

"Ina ji ta mutu."

Ya cusa hannu ta ƙarƙashin sitiyari, ya lalubi bayan gilashin. Rami ya taɓa, babu ƙwan fitila a ciki.

"Ta mutu, sai tat tashi ta bar wurin da ƙahwarta?"

Ɗan Asabe ya sosa ƙeya. Da ƙyar maganar ta fito. Kwanakin baya fitilar ta fara ƙifce-ƙifce. Mutanen ƙauye yanzu sun koyi kallon gaban direba kafin su zauna. Wani tsoho ya ga ja, ya ɗauki sandarsa ya sauka, rabin mota suka bi shi zuwa ta baya. Shi ne Ɗan Asabe ya sa hannu ya zare ƙwan.

"Kowa na yi, Baba. Wasu tef su ka liƙawa."

"Da tef ɗin kal liƙa da ka yi hankali. Ta cikin ƙwan nan wuta ka bi ta tada altaneta. 'Yar kaɗan ta, amma in babu ita, juyi kawai shi kai, ba ya ba ka komi. Da yana ciwo yana aiki. Kai kak kashe shi."

Nagode mai tsire, tsaran Labaran ne, tukubarsa na nan kusa. Yana fifita wuta ya ce, "Ɗan Asabe, gobe in cikinka ya yi kuka, sai ka toshe kunne ka ce ka ƙoshi."

Wasu suka yi dariya. Cikin motar ba wanda ya yi.

Labaran ya tono ƙwai daga akwatinsa ya sa. Ja ta kama. Maza suka sauko suka tura, inji ya tashi. Ya kamata fitilar ta mutu. Ba ta mutu ba. Ta disashe, ta ƙifta, ta dawo. Ya zagaya ya kara bakin sukudireba a bayan altaneta. Mai lafiya kan fizgi ƙarfen kamar zai ƙwace. Wannan da ƙyar ya riƙe.

"Kashe ta. Cutar hwarko tana nan. Sai an kwance."

Tashar ta ɗauki hayaniya. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara ɗaga ledoji. Direban da ke gaban motocin Maradun ya leƙo ya ce, "Baba, ga hadari. Ba mu iya jira." Ɗan Asabe na zagaye motarsa kamar wanda ya taka wuta.

Sai wata dattijuwa ta sauko. Hajiya Lantana ce, mai man gyaɗa, ba ta da tsoron kowa a tashar nan. Ta riƙo hannun wata matashiya mai kumburarren kunci.

"Malam, diba nan. Rahama ta. Haƙori taz zo cirewa asibiti da motar sahe, ta ce kahin azahar ta koma. Jinjiri ta baro wurin kakarshi, bai san komi ba sai nono. Diba gabanta."

Labaran bai so ya duba ba, amma ya gani. Gaban hijabin ya jiƙe. Auduga ce cike da bakin yarinyar. Ido kawai ta zuba masa.

"Ka ba shi batirin mu tahi," in ji Lantana. "Gyaranka ka yi shi gobe."

Ya tsaya da sifana a hannu. Batirinsa na nan cike, ɗaura shi ba zai ɗauki lokaci ba. Da rana ce tsaka, sarari fes, da ya ba shi, watakila su kai. Amma ga ruwa. Za a kunna fitila, za a kunna abin share gilashi, hanyar ƙasa za ta sa su rarrafe. Ya bi hanyar a ransa, kwana bayan kwana, yana rage wutar. Inda ta ƙare masa ba gari ba ne. Kwarin nan ne mai duhun itatuwa, inda ba a tsayawa ko fitsari.

"Hajiya, batirin ga ba ya kai ku. Rabin hanya za shi aje ku."

"Kai ka sani? Allah ka sani."

"Allah ka sani. Shi yab ba ni abin da nis sani."

"In yaron nan ya kwana da yunwa hwa?"

"Gara shi kwana da yunwa uwarshi ta iske shi."

Labaran ya juya. Ya shige ƙarƙashin bonet. Inji da zafi, bai jira ya huce ba. Ya cire kan batir, ya sassauta fambel, ya kwance noti, ya fito da altaneta ya dire a kan buhu. Motocin Maradun suka tayar. Ɗaya bayan ɗaya suka fice, na ƙarshe ya yi hon mai tsawo. Wani fasinja ya sauke buhunsa ya ce shi kwana zai yi. Wani ya ce tsohon nan taurin kai zai kashe shi. Labaran ya ji. Bai ɗago ba.

Ya buɗe bayan altaneta. Ga su nan: 'yan gawayin nan guda biyu da ke gogar ƙarfe mai juyawa suna ba shi wuta. Sun cinye, saura ɗan guntu kamar ƙwayar wake. Ya zazzage gwangwanin tsofaffin kaya. Babu irinsu. Akwai na wata babbar mota, sun fi ramin kauri. Ya durƙusa a bakin dakali ya shiga goga su a jikin siminti. Ya goga, ya gwada, ya goga. Hannun na rawa. Ɗaya ya suɓuce ya faɗa ƙasa, baƙi a kan baƙar ƙasa, ya shiga lalube da tafin hannu. Rahama ce ta sunkuya ta ɗauko ta miƙa masa.

"Madalla, ɗiyata."

Saura liƙi da dalma, kuma babu wutar lantarki tun safe. Ya ɗauki ƙarfen liƙinsa ya nufi tukubar Nagode, ya tura shi cikin garwashi ba sallama.

"Kai! Cikin nama na? Mutane su ci tsire su ji warin batir?"

"Tsirenka ko da man birki anka gasa shi ba a ganewa. Hura."

"Tun muna samari kaka cin shi."

"Shi yas sa haƙorana sunka ƙare. Hura, na ce."

Nagode ya hura. Ƙarfe ya yi ja. Labaran ya kawo 'yar wayar da ke jikin gawayin, siririya kamar zare, ya nemi ramin da za ta shiga. Ya rasa. Ya matso da ita kusa da hanci, ya nesanta, ramin ya zama biyu. Dalma ta ɗiga a yatsansa. Ƙarfen ya huce. Aka mayar wuta. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan buhu.

A nan ne ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ɗago ya ce, "Nagode, idonka ya hi nawa. Riƙe min nan."

Nagode bai yi ba'a ba. Ya goge hannu a riga, ya riƙe wayar da fulaya, ya ce, "Hagu kaɗan. Nan. Sa." Aka liƙa ɗaya. Aka liƙa ɗayan.

Ana kiran la'asar ya mayar da altaneta. Ya ɗaure fambel, ya danna da yatsa, ya ƙara ɗaurewa. Aka yi salla a tsaitsaye cikin yayyafi. Aka tura. Inji ya kama, ja ta mutu. Ya ce a kunna fitila, a kunna abin share gilashi, a danna hon, duk a tare. Ja ba ta dawo ba. Ya kara sukudireba, altaneta ya fizge shi.

"Ta yi."

Ba wanda ya motsa. Ayari ya tafi, ruwa ya sauko, hanya ta rage musu su kaɗai. Mutane na kallon juna. Lantana ta gyara ɗaurin zani.

"Malam, kai ka ce ta yi. Kai kana komawa gida ka ci tuwo. Mu ad da rai cikinta."

Labaran ya dube ta. Ya rufe akwatinsa, ya ɗauki sukudireba da ƙwan gwaji ya sa a aljihu, ya tura sauran ƙarƙashin tukubar Nagode. Ya buɗe ƙofar gaba ya ce wa na zaune, "Matsa."

"Baba, ina za ka?" in ji Ɗan Asabe.

"Janbako. Ja mota."

Wanda ya sauke buhunsa ya mayar da shi.

Sauran labarin daga bakin Lantana da Ɗan Asabe na ji shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Suka kama hanya. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Labaran bai kalli titi ba, wurin jar fitilar ya kafa wa ido. Ya hana a kunna rediyo, ya hana a sa waya caji. Suka bar kwalta, suka shiga ja-ƙasa, mota na tangaɗi. Da suka gangara kwarin nan mai itatuwa, taya ta faɗa taɓo. Ɗan Asabe ya rikice, ya saki kuloci da ƙarfi. Inji ya mutu.

Ja ta kama. Abin share gilashi ya tsaya. Ba a jin komai sai ruwa a kan rufi da salatin wata tsohuwa. A taɓo ba a tura mota. Batirin da ke cikinta shi ne wanda ya ce ƙas a tasha. In altaneta bai zuba masa komai ba tun daga Mafara, to nan za su kwana.

Ɗan Asabe ya kai hannu ga makulli.

"Kashe fitila," in ji Labaran. "Taka kuloci. Yi bisimilla. Murɗa."

Bugu ɗaya ta tashi.

Lantana ta ce ita ba ta san lokacin da ta rangaɗa guɗa ba. Labaran ya juyo ya ce ta bari sai an fita ramin.

Ana kiran magariba suka shiga Janbako. Mota ba ta gama tsayawa ba Rahama ta dire, ta bar takalmi ɗaya a ciki, ta yanki lungu da gudu. Ba ta yi godiya ba. Lantana ta buɗe baki za ta kira ta, Labaran ya ce, "Ƙyale ta. Abin da anka yi aikin dominshi ke nan." Can cikin gidajen ana jin kukan jinjiri, irin na wanda muryarsa ta dishe. Suna tsaye a bakin mota kukan ya yanke.

Labaran a zauren wani mutum ya kwana. Da safe ya biyo motar farko. Ya iso tasha, bai ba kowa labari ba. Abin da ya fara yi shi ne faɗa da Nagode, wai kitse ya ɗiga a kan akwatinsa.

Labaran, da kai nake yanzu. Na san ba ka so. Ka haƙura ka ji.

Kai ne ka tsaya tsakanin mutane da gaggawarsu, suka zage ka, ka ƙi matsawa. Kai ne ka ce ta yi, sannan ka sa jikinka a kujerar gaba. Mutane nawa suka kwana a ɗakinsu saboda ka ƙwanƙwasa bonet da safe? Ba su sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Motar da ba ta mutu a daji ba, ba a ba da labarinta. Gagara hanzari, na Mafara. Na faɗa sau ɗaya, ya isa.

Mun gode. Allah Ya ba idon nan sauƙi. Allah Ya sa wutar dalmar da ta ƙona yatsun nan ita ce iyakar wutar da za su gani. Allah Ya kai ka gida lafiya kamar yadda ka kai 'ya'yan mutane.

Ku kuma masu sana'ar da ke tasowa, na ga wasunku da na'urori masu ƙyalli. Babu laifi. Amma kafin ka ce wa direba ta yi, tambayi kanka ko za ka shiga. In ba za ka shiga ba, koma ka kwance. Direbobi, abin da mota ta nuna muku ku kai wa mai gyara, ku daina ɓoye wa fasinja.

Mutumin nan yana raye. Gidansa na bayan makarantar allon da ke gangaren tasha, ƙofar langa-langa, kowa ya sani. Kada ku jira sai an shimfiɗa tabarmin gaisuwa ku zo kuna cewa mutumin kirki ne. Ku je yanzu. In kun je kuma, kada wanda ya danna masa hon daga cikin mota. Ka kashe inji. Ka sauko. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi.

Zai ce ka tashi ka ba shi wuri. Kada ka tashi.